Maɓallan Rigar Aku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki. Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da take ɗan damunsa in ya daɗe a kan keken ɗinki. Na ba direban da yake kawo mana yadi wannan takarda, don in na karɓi wayar Baba yana zaune kusa, ba na iya cewa komai sai lafiya lau.

Yaya, akwai abin da na yi wanda ban gaya wa kowa ba. Na yi ƙarya da sunan Baba.

Bari in fara daga farko. Wata huɗu ke nan wata mata tana zuwa shagonmu duk ranar Talata da hantsi, ita da 'yarta. Ba mu san su ba, ba 'yan unguwarmu ba ne. Matar ba ta shigowa, a bakin ƙofa take tsayawa riƙe da wata takardar magani a naɗe. Yarinyar ce take shigowa har gaban keken Baba. Sa'ata ce, sai dai ta ɗan fi ni tsawo. Yau ta ce kuɗin mota ne ya ƙare musu, wani mako ta ce ƙaninta ne ba lafiya, wani mako mai gidan haya ne. Baba ba ya tambaya. Aljihun keke kawai yake ja, ya ɗebo ya miƙa.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Yaya. Yarinyar nan baki ne da ita. Tana kwaikwayon kukan kekenmu in zare ya sarƙe. Tana kwaikwayon tafiyar maƙwabcinmu mai kemis. Babana take ce wa Baba, shi kuma ya sa mata suna Aku. Rannan ta sa shi dariya har sai da ya cire tabarau yana share ido. Shekara biyu ke nan tun da na gama firamare nake zaune a kujerar bayan shago ina sa maɓalli ina kalmasa, ban taɓa sa shi ya cire tabarau ba.

Kin san dokar shagonmu, ke ma kin yi ta: wanda yake shara shi ne mai ƙyallayen da suka faɗo. Ina da buhuna a ƙarƙashin teburin yanka. A ciki akwai wani shuɗin yadi mai fararen furanni, babba, wanda wata malamar makaranta ta ce a bar mini. Kusan shekara ina ajiyarsa. Baba ya zaro shi a gaban Aku, ya ce, "Auta, kina da wani amfani da wannan?"

Na ce a'a. Wallahi a'a na ce.

Nan take ya ɗauko tef ya auna ta, kafaɗa da hannu da tsawo, yana rubutawa tana ta surutu. Ni rabon da ya auna ni tun ina aji huɗu. Kallona kawai yake yi ya kama yanka.

Ya gama rigar ya rataye ta a ƙusar jikin ƙofa. Saura maɓallai bakwai, kuma kin san riga ba ta fita daga shagon nan sai ta bi ta hannuna. Ban sa ba.

Talatar da ta wuce Baba ya tafi a duba masa ƙafa, ya bar ni ni kaɗai. Sai ga su. Ban san inda muryar ta fito ba, na dai ji ina cewa Baba ya ce kada su sake zuwa, nan shago ne ba wurin rabon kuɗi ba. Aku ta dubi rigar a ƙusa, gabanta a buɗe. Wannan ne karo na farko da na ga ta yi shiru. Uwar ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta ja hannunta suka tafi.

Ni dai ina ganin maƙaryata ne. Mutum ɗaya kullum da sabuwar matsala? Ki gaya mini in na yi daidai. Kada ki gaya wa Baba, don Allah.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta sarkin shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da ɗan man mota a gefenta. Mu ma lafiya, maigidan yana amsawa. Ki ce wa Baba ya riƙa ɗora ƙafar a kan kujera, kuma kada ya ce mini ya manta.

Ashe kina da baki! Shekara goma sha huɗu muna jira ki buɗe shi, ranar da kika buɗe kuma sai kika kori mutane. Na yi dariya har maigidan ya leƙo ya ce ko albashi aka ƙara mini.

Kin tambaye ni ko maƙaryata ne. Ni ina zan sani? A ƙofar asibitinmu kullum ina wuce irinsu. Akwai wani dattijo da matarsa take haihuwa duk mako tun bara. Wata rana in ba shi, wata rana in ce Allah ya raya. Ba ni da wata doka, abin da zuciyata ta ba ni a lokacin shi nake yi.

Amma ba wannan ce tambayarki ba, 'yar ƙanwata. Da wani tsoho ne mai gemu yake zuwa karɓa, da ko ɗaga kai ba za ki yi daga allurarki ba. Kishi ne yake cin ki, kuma ba laifi, Baban naki ne. Laifin ɗaya ne, kin sa masa magana a baki, maganar da ko a mafarki ba zai faɗa ba.

Ba zan gaya masa ba. Sai dai ina so ki amsa mini wasu abubuwa. Yarinyar nan, in tana ba Baba dariya, fuskarsa take kallo ko aljihun keke? In an ba ta abin ci, a nan take ci ko naɗewa take yi? Kuma in suka fita suka sha kwana, surutun yana ci gaba? Ki tuna da kyau, kada ki amsa da haushi.

Ki gaida Baba da mai kemis. Ki ci abinci, an ce mini kin zama kamar allurar taki.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Baba yana ɗora ƙafar, amma sai na tura masa kujerar.

Ban ji daɗin kalmar kishi da kika rubuta ba. Na karanta wurin sau uku, sannan na cusa takardar a cikin buhun ƙyallaye.

Talata biyu sun wuce ba su zo ba. Baba ya ɗan karkata kekensa, wai haske yake nema, amma ƙofa yake kallo. In inuwa ta gifta sai ƙafarsa ta tsaya. Sau ɗaya ya ce ko lafiya mutanen nan, na ce ban sani ba. Ya tambaye ni maɓallan rigar, na ce babu waɗanda suka dace. Kwalbar maɓallai tana kan tebur cike har wuya. Ya dube ta, ya dube ni, ya ci gaba da ɗinki. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da na gano. Mai kemis ya ce sun taɓa nuna masa takardar maganin nan, ta fi shekara biyu da rubutawa, har tawadar ta koɗe. Ran Alhamis kuma Baba ya aike ni sayen zare a layin da ke bayan tashar mota. Sai na hango su a shagon wani mai gyaran agogo. Uwar a bakin ƙofa, Aku a ciki. Na raɓe jikin wata mota ina ji. Yaya, Babana take ce masa! Da irin muryar, da irin karkata kan. Tana kwaikwayon ƙarar agogo yana ta dariya. Ta ce masa babanta ya rasu, mu kuwa cewa ta yi yana kwance a asibiti.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba. Haushi ne ya kama ni, Baba yana can yana kallon ƙofa, ita tana nan tana raba sunansa ga kowa. Ni da ba ni da wani Baba sai shi, ban iya faɗin sunan da daɗi haka ba.

Ga amsar tambayoyinki. Aljihun keke take kallo, ta gefen ido. Biskit ɗin da Baba yake ba ta ba ta taɓa ci a gabanmu ba, a bakin mayafi take ƙulle shi. Ta ukun ban sani ba, don haka na bi su a baya da suka bar mai agogo. Suna shan kwana ta yi ɗif. Fuskarta ta sauka gaba ɗaya kamar an kashe fitila. Ta sa hannu biyu tana murza kumatunta. Uwar tana gaba tana baya, ba mai ce wa wani komai. Sai ta waiwayo muka haɗa ido. Ba ta gaya wa uwar ba, ta dai juya ta ci gaba da tafiya.

Yaya aka yi kika san abin da za ki tambaya?

Ina so in gaya wa Baba maganar mai agogo da ta takardar, ya san irin mutanen da yake jira, ya mayar da kekensa yadda yake. In ya sani, ƙaryata ma ta zama taimako. Ko ba haka ba?

Ki huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yau ba wasa a bakina, ki zauna ki karanta a inda Baba ba ya gani.

Kada ki gaya masa maganar takardar maganin. Ya sani. Tun ranar farko ya sani.

Shekarar da Mama ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta, ke ba a ma yaye ki ba, kina wurin Goggo. Ni ina da shekara tara. Baba ya sayar da kekensa na farko, ya sayar da dutsen guga da tebur, magani bai isa ba. Sai ya fara kama hannuna muna tafiya can ƙarshen gari inda ba a san mu ba, muna bin shaguna. Kin san Baba, ke kika gado shi. Sai ya isa ƙofa maganar ta maƙale. Ya tsaya a waje da takardar asibiti a hannu, ni in shiga.

Ni ce Aku, Auta.

Ciwon Mama gaskiya ne, amma mutane suna gajiya da labari ɗaya. In kin faɗa sau biyu, na uku sai su ce har yanzu? Sai na koyi canzawa. Yau kuɗin mota, gobe ƙanwata ce ba lafiya, ke ke nan, kina can lafiyarki lau kina tsotsar yatsa. Na koyi cewa wanda ya yi dariya ba ya iya cewa babu. Na kira mutum ya fi goma Babana, Baba na gaske yana tsaye a waje yana ji. In muka sha kwana kumatuna ciwo suke yi. Hanyar gida duka ba ma magana.

Akwai wani mai sayar da takalma da yake ba mu duk mako, ya san ina shirya labari, bai taɓa nuna mini ya sani ba. Akwai kuma wata mai shagon kwanuka da ta ce kada mu sake taka mata ƙofa. Na manta fuskar mai takalma. Tata kuwa har yau ina iya zana miki ita.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da zancen nan ba, ko sau ɗaya. Maigidana ma bai sani ba. In Baba ya cire tabarau yana share ido, ke dariyar kike ji, amma daga kujerar baya ba kya ganin fuskarsa.

Maganar awo kuma, ke ma kin ba ni haushi. Baƙo ake aunawa. Ke yana yanka miki da ido don ya san ki ciki da waje, ya taɓa yi miki riga ta matse ki?

Ban ce matar nan mai gaskiya ce ba. Wataƙila ba ƙani, ba asibiti, sana'a ce kawai. Wataƙila kuma akwai wata Mama a kwance. Ba za ki taɓa sani ba, yadda mai takalma bai sani ba. Kuɗin na Baba ne, ya san abin da yake saya da su. Naki kuma naki ne. Ba zan ce ki yi kaza ba.

Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ban ƙona ba, na ɗinke ta a cikin matashina.

Na yi kuka saboda ke. Amma zan gaya miki gaskiya ko da za ki ce ba ni da kirki. Bayan kukan, ke ma na ji kishinki. Ke da Baba kuna da hanyar da kuka bi tare, ya riƙe hannunki. Aku ma tana da abin da yake gani a jikinta. Ni ina bayan Goggo ina tsotsar yatsa. Allah ya yafe mini.

Na sa maɓallan. Fararen nan masu ido huɗu da nake ɓoyewa a ƙasan kwalba, da ma don yadin na ajiye su. Baba ya dubi ƙusa ya ga wayam, ya ce, "Maɓallan sun samu ke nan?" Na ce sun samu.

Ran Alhamis na ce zare ya ƙare, na tafi layin bayan tasha da rigar a leda. Na same ta ita kaɗai a bakin famfo tana wanke ƙafa, uwar ta shiga wani lungu. Na miƙa mata. Tun daga shago nake maimaita maganar a raina, duk da haka sai da ta fito a karye. Na ce Baba bai ce kada su zo ba, ni na faɗa.

Ta ce, "Na sani. Wanda zai kore ni zai tsaya auna ni?"

Muryarta ba irin ta shago ba ce, ƙasa-ƙasa take, kamar tawa. Ta buɗe rigar tana taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kullum in ta shigo ni take fara gani, ina zaune a baya a inuwa da allurata, ba wanda yake jiran in yi magana kafin a ci abinci a gidanmu. Ta ce wani lokaci har haushina take ji. Ni, Yaya. Haushina.

Na tambaye ta ko da gaske ƙaninta ba lafiya. Ta ce wani lokaci. Na tambayi babanta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Da na juya zan tafi sai ta karkata kai, muryar shago ta dawo, ta ce, "'Yar'uwa, ba ki da ɗan na mota?"

Akwai canjin ladan kalmasata a ƙulle a mayafi. Na kusa cewa babu. Sai na tuna ranar da na ce wa Baba a'a a kan yadina. Na ce, "Ina da shi, amma ba zan ba ki ba. Rigar nan yadina ne."

Ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da wata dariya da ban taɓa ji ba, mara daɗin ji, har da tari. Ba ta murza kumatu bayanta ba. Ta ce to, mai yadi, sai Talata.

Ban san ko ina so su zo ba. Sai da na isa shago na tuna ban sayo zaren ba.

Ki huta lafiya.
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Direba yana jira, don haka a taƙaice.

Sun zo. Amma tun da safe na ɗauko kujerata daga baya na ajiye ta a gefen keken Baba, daidai inda Aku take tsayawa. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya matsar da gorar ruwansa ya ba ni wuri.

Ta shigo da rigar a jikinta, ta yi mata kyau, abin haushi. Dole ta zagaya ta tsaya ta ɗaya gefen. Yau mai gidan haya ne. Ta yi kukan keke, Baba ya cire tabarau. Daga nan ina ganin fuskarsa. Kin yi gaskiya, hawayen ba na dariya kawai ba ne.

Buhun ƙyallayena na kai shi gida. In Baba ya sake tambayata, zan ce ina da amfani da shi. Kuɗina ba zan ba su ba. Ƙaryar da na yi kuma ban gaya masa ba, ina jin ba sai na faɗa ba.

Inda na zauna, gwiwata tana tare aljihun keke. Da Baba ya miƙo hannu sai ya tsaya, bai ce in matsa ba, yana jira. Aku ma tana kallona.

Na janye gwiwata, na ci gaba da sa maɓallina.

Ki gaida maigidanki. Allah ya bar mu tare.
Ƙanwarki, Auta